Koriyar Motar Babana

Ni Herminia Limachi, mai sayar da barguna a kasuwar El Alto, ba a san ni da haƙuri ba, ban kuma taɓa cewa ina da shi ba. Amma haƙurin da na yi wa wani dillalin mota mai suna Lisandro, da rabinsa na yi wa mijina, da har yau muna tare. Sunan kamfanin da yake wa aiki kuwa ba zan faɗa ba, don ba na so ya sake bi ta bakina.

Babana, Don Saturnino, a bayan sitiyarin motocin mutane ya ƙare ƙuruciyarsa, a nan kuma tsufa ya same shi. Ya cika ƙaramar bas a El Alto, garinmu na kan tudu, ya gangara birnin La Paz, ya sake cikawa ya hauro, da yamma ya kai wa mai mota balas, ya miƙa makulli, ya tako gida da ƙafa. Ko keke bai taɓa mallaka ba. Duk motar da aka ba shi, kafin ya murɗa makulli ran farko, sai ya zaro 'yar jakarsa ta ganyen koka, wanda mutanenmu ke taunawa suke kuma yin addu'a da shi, ya zaɓi uku masu kyau, ya hura musu iska, ya cusa su a bayan marfin nan na kare rana da ke saman direba. Ya ce gaisuwa ce, ba a hawa mota ba a gaishe ta ba. Sau nawa ya tuƙa sababbin motocin iyayen gidansa zuwa cocin garin Copacabana, can bakin tafki, a sa musu albarka, a yi musu ado da furanni, a ɗauki hoto, shi yana gefe da tsumman goge gilashi a hannu.

Sai ciwon suga ya cinye masa idon hagu, ya fara lasar na dama. Likita ya ja ni gefe ya ce, "Doña Herminia, idan akwai abin da kuke so tsohon nan ya gani, ku nuna masa bana." Ban tsaya tambayar kowa ba, na san abin. Motarsa ta kansa, shi a kan sitiyari, har Copacabana. Na kwashe abin da na tara, na sayar da rumfata ta biyu, na ce wa iyayena su shirya mu gangara La Paz.

Amma kafin nan sai na gaya muku labarin ƙaramar motar. Tun ina yarinya Innata, Doña Basilia, ta saye ta a kasuwar Alasita, inda kowa ke sayen ɗan ƙaramin abin da yake roƙon Allah ya ba shi babbansa. Ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, koriya shar kamar ganyen latas. Duk watan Janairu sai Inna ta naɗe ta a mayafi ta kai a turara ta da tsakar rana, ta wuce coci a yayyafa mata ruwa, ta dawo da ita kan kabad. Mu yaran gidan mun sha duka a kan motar nan, don ko ƙura ba mu isa mu share mata ba.

Ranar da muka je kamfanin, ruwa ake yi. Muka shiga da jiƙaƙƙun takalma a kan dandamalin da za ka iya ganin fuskarka. Samari masu ɗaure da wuya suka dube mu suka ci gaba da latsa waya, sai da na ɗora jakata a kan tebur da ƙarfi sannan ɗaya ya taso yana murmushi har kunne. Shi ne Lisandro. Gashi ya sha mai, turare kamar ya faɗa cikin kwalbar.

"Sannunku da zuwa, Baba! Inna, ga kujera. Uwar ɗakina, me za a kawo miki, gahawa ko shayi?"

"Mota za a kawo mini," na ce.

Tana nan tsakiyar ɗakin, fara fat, kujerunta da leda. Irin wadda muke so ce, daidai kuɗinmu. Baba ya zagaye ta a hankali, ya ƙwanƙwasa taya da tsinin takalmi, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya buɗe ƙofa ya shiga. Ya ja kujera gaba, ya gyara madubi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya daɗe a ciki yana 'yan taɓe-taɓensa, ni kuwa ina can ina cacar baki da Lisandro a kan shimfiɗar ƙafa da baƙin gilashi da wata ƙararrawar ɓarayi da ya ce dole sai da su ake sayar da motar.

"Dole? Wa ya ce?"

"Tsarin kamfani ne, uwar ɗakina."

"To tsarin aljihuna bai san da su ba."

Muna cikin haka Inna ta kwance mayafinta, ta fito da ƙaramar motar, ta ajiye a kan tebur tsakanin takardunsa.

"Irin wannan muke so," ta ce. "Waccan fara ce."

"Inna, ai fara ita ake yayi, ba ta ɗaukar zafi, kuma idan za a sayar..."

"Yaro, koriya muka roƙa. Farar nan rabon wani ce, mai ita yana nan tafe. Ba na ɗaukar rabon mutane."

Baba ya leƙo ta taga. "Basilia, mota ai mota ce."

"Kai dai yi shiru. Wa ya yi ta kai ta turare duk shekarun nan, ni ko kai?" Ta miƙe tana gyara zanenta. "Herminia, tashi mu je gaba. Ba su kaɗai ke sayar da mota a garin nan ba."

Na ga idon Lisandro ya bi jakata. Wuf ya sha gabanmu, ya dafe ƙirji.

"Koriya? Haba Inna, ai da sai ki ce tun farko! Akwai ta mana. Guda ɗaya tak muka yi oda, tana kan ruwa yanzu haka, ta kusa tashar jiragen ruwa ta Arica. Ikon Allah! Ni dai na rasa dalilin da ya sa manaja ya nace sai an sa koriya ɗaya a cikin kayan nan, ashe taku ce."

Inna ta dube ni, irin kallon nan na ba-na-gaya-miki-ba. Ni ma, gaskiya, sai da tsigar jikina ta tashi. Lisandro ya ce a ajiye kafin alƙalami mai kauri don kada wani ya riga mu, na ƙirga masa fiye da rabin kuɗin. Na ce to, tunda mun biya, a bar Baba ya ɗan zagaya da farar ko a harabar gidan ne, ya ji yadda take. Ya ce kash, doka ta hana, inshora ba ta rufe motar nuni ba, amma kwana nawa ne Baba zai ja tasa? Baba ya fito daga motar, ya rufe ƙofar a hankali kamar ɗakin mai jego.

Daga nan muka shiga jiran gawon shanu.

Na kira, ya ce tana kan ruwa. Na sake kira, ya ce jirgin ya tsaya a wata ƙasa shan mai. Na je da kaina, ya kawo mini gahawa a wani ɗan kofi da bai kai marfin kwalba ba, ya nuna mini hoton jirgin ruwa a wayarsa. Na ce, "Ina motar a nan?" Ya ɗora yatsa a kan wani akwatin ƙarfe cikin ɗaruruwa ya ce, "Ga ta nan ciki." Ruwan sama ya ɗauke, ya ce ta sauka Arica amma ma'aikatan tasha suna yajin aiki. Yajin ya ƙare, ya ce kwastam. Kwastam suka sake ta, ya ce manoma sun tare hanya da duwatsu. Wannan kam gaskiya ne an tare, na gani a talabijin, amma da aka buɗe hanyar sai ya ce direban babbar motar da ta ɗauko ta matarsa ta haihu. Na ce Allah ya raya, ita matar a kan motarmu ta haihu?

Kuma duk zuwan da zan yi, sai ya raka ni ƙofa ta gefen farar motar, ya shafa mata baya ya ce, "Idan dai kuna sauri, uwar ɗakina, ga wannan. Yau-yau sai ku tafi da ita." A lokacin na ɗauka kirki ne.

A gida kuwa Baba ya tsiri wata al'ada. Da hantsi sai ya fito da kujera ƙofar gida, ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya riƙa karanta lambar duk motar da ta wuce da ƙarfi. Da farko har na tsallaken titi yana karantawa, yana dariya yana cewa, "Kin ji ko? Har yanzu da saura." Da sanyi ya shigo sai na kusa kawai. Bayan nan ya daina lamba ya koma launi: ja, shuɗiya, fara. Ina jin sa daga cikin ɗaki ina ninke barguna. Wata safiya na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya yi sauri ya goge da hannun riga don kada in gani.

Ranar na sami Inna a kicin tana jiƙa busasshen dankali.

"Inna, mu karɓi farar nan."

"Tamu fa?"

"Tamu ba ta zo ba. Idon Baba kuma ba ya jiran jirgi."

Ta tsame hannunta daga ruwa. "Herminia, abin da muka roƙa ya taso tun daga bangon duniya, ya ƙetare teku, yana bakin ƙofa. Sai ya iso ya tarar mun ɗauki na wani? Da wane ido za mu sake roƙon wani abu? Kina so ubanki ya hau motar da ba tasa ba, a hanyar nan mai kwazazzabai?" Ita ma tsoro take ji, nata daban da nawa. Tana ganin idan muka yi gaggawa, motar ce za ta kashe shi.

Na koma wurin Lisandro, ban karɓi gahawa ba. Na ce ya dube ni.

"Tsakaninka da Allah, akwai koriyar motar nan? Idan babu ka gaya mini yau, in san yadda zan yi da uwata. Babana makancewa yake yi. Ka ji ni? Makancewa."

Ya sumbaci babban yatsansa ya ɗaga sama. "Na rantse da kabarin mahaifiyata, uwar ɗakina. Motar tana garin Oruro, a kan hanya. Mako mai zuwa."

"To ba ni kuɗina in je wani wuri."

"Ai kafin alƙalami ba ya dawowa. Sai dai ki ga manaja."

"Ina manajan?"

"Ya tafi Santa Cruz."

Manajan nan, in gaya muku, ya fi kowa zuwa Santa Cruz a ƙasar nan. Duk ranar da na je yana can. Na sauke kai na roƙi Lisandro, ni da ban iya roƙo ba, na ce ya bar Baba ya ja farar daga nan zuwa bakin ƙofa kawai, ni zan biya duk abin da ya ce. Ya karkace kai kamar zai yi kuka ya ce da a hannunsa ne da ya yi, amma doka. Na fito cike da takaici, har na wuce tashar mota ban sani ba.

Ranar da Baba bai fitar da kujerarsa ba, ranar haƙurina ya ƙare. Na tambaye shi lafiya, ya ce, "Sanyi ya yi yawa a waje." Rana kuwa tana ƙwallewa. Na shiga kasuwa layinmu na masu barguna na faɗa wa mata abin da ake ciki. Kashegari mu goma sha wani abu muka gangara da ƙunshin kayanmu a baya. Muka shimfiɗa barguna a ƙofar kamfanin daga wannan bango zuwa wancan, muka zauna. Wasu suka fito da saƙa, wasu suka buɗe tukunyar dankali da cuku da yaji. Mu mutanen El Alto, in ba mu iya komai ba mun iya tare hanya. Wani mai kuɗi ya zo da matarsa za su shiga, ƙawata Fortunata ta ce, "Maigida, mota za ka saya? Zauna ga wuri, mu ma tun damina muke layi." Ya juya.

Kafin tsakar rana sai ga manaja ya dawo daga Santa Cruz, ta ƙofar bene. Wani gajere mai tumbi, yana ta goge zufa. Ya ce a yi haƙuri, an sami rashin fahimta, shi da kansa zai bi maganar, kafin ƙarshen wata motarmu za ta iso. Na ce idan ba ta iso ba za mu dawo da mazajenmu da karnukanmu. Da na leƙa bayan 'yan kwanaki, farar motar ba ta nan. Lisandro ya ce an sayar. Na gaya wa Inna, ta ce, "Kin gani? Mai rabonta ya zo."

Ƙarshen wata Lisandro ya kira ni, murya kamar an yi masa haihuwa. Ta iso! Sai dai akwai ɗan ƙari, kuɗin launi na musamman. Na zage shi tas, sannan na biya, don na gaji.

Muka shirya kamar za mu biki. Inna ta sa zanenta mai kyau da hularta ta zuwa coci, ta ɗauko ƙaramar motar. Baba ya sa kwat ɗinsa. Ni na riƙe masa hannu muka hau matakalar kamfanin, ina gaya masa, "Ɗaga ƙafa, Baba. Saura ɗaya." A lokacin haske da duhu kawai yake bambancewa.

Ga ta a tsakiyar ɗaki, an ɗaura mata wani ƙaton jan ƙyalle a ka. Koriya shar, kamar an auna da ƙaramar. Inna ta toshe baki ta fashe da kuka. Samarin suka jeru suna tafi, ɗaya yana ɗaukar hoto, Lisandro ya miƙo makulli da hannu biyu yana cewa, "Alƙawari kaya ne, Baba, yau na sauke."

Baba ya saki hannuna ya lallaɓa ya dafa motar. Ya shafa ta tun daga fitila har ƙofa. Ya sunkuya ya shinshina.

"Koriya ce?" ya tambaya.

"Shar, Saturnino," in ji Inna. "Shar da ita."

"Fentin nan ɗanye ne," ya ce, kamar da kansa yake magana.

"Ƙamshin sabuwar mota ke nan, Baba," in ji Lisandro.

Baba ya lalubi ƙofa ya shiga ya zauna. Ya kai hannu ƙasa zai ja kujera, sai ya tsaya. Ya miƙe ƙafa ya taka birki, ya taka kuloci. Daidai tsawonsa, shi da kullum sai ya ja kujera gaba don gajarta. Sannan ya zaro 'yar jakarsa, ya laluba ya zaɓi ganye uku, ya hura musu iska, ya sauke marfin kare rana, ya cusa yatsu cikin ledar da ke naɗe da shi. Na ga hannunsa ya tsaya a can. Da ya fito da shi, ganye shida ne a tafinsa, uku ɗanyu, uku sun bushe har sun fara karyewa.

"Herminia," ya ce. "Zo ki duba mini. Waɗannan nawa ne?"

Na duba. Ban gane ba tukuna.

"Ranar da muka fara zuwa na sa su," ya ce. "A farar. Na ce ko ba tawa ba ce, in gaishe ta." Ya shafa sitiyarin. "Ai ita ce. Mun san juna."

Wallahi ban san lokacin da na isa bayan motar ba. Na ɓalle but, na yaye shimfiɗar, na ɗaga tayar safaya. Fari fat. Na finciko robar bakin ƙofa, fari. Na buɗe bonet, gefe-gefen duk fari, ga ɗigon koren fenti a kan wata waya. Motar da ta yi wata da watanni tana kallona, wadda na roƙa a bar Baba ya ja ta zuwa bakin ƙofa aka ce doka, ita ce suka kai wa mai fenti da muka tare musu ƙofa, suka kuma karɓi kuɗin fentin a hannuna.

Na shaƙo Lisandro da abin wuyansa. "Ina jirgin? Ina Arica? Ina matar direba mai haihuwa? Kabarin uwarka fa, ɗan banza?"

"Uwar ɗakina, sake ni in yi bayani! Ai koriya ce yanzu. Ba koriya kuka ce ba? Ga koriya!"

Manaja ya sauko da gudu yana cewa a yi a hankali, akwai baƙi. Na ce ya gaya mini gaskiya ko in fasa gilashin nan da kan yaronsa. Ya ce, to, a gaskiya masu ƙera irin wannan motar ba sa yin koriya, ba su taɓa yi ba. Fara ce da toka-toka da baƙa. Ya ce yawanci idan mai saye ya nace a kan launi, akan ɗan ba shi lokaci, da kansa yake saukowa ya karɓi abin da ke akwai. "Ba mu taɓa gamuwa da masu taurin kai irinku ba," ya ce, har da 'yar dariya, wai shi yabo yake yi.

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na ji muryar Inna a bayana. Ta zauna a ƙasa, a kan dandamalin nan mai sheƙi, da zanenta na biki, ƙaramar motar a cinyarta. Ba ihu ta yi ba. Lisandro take kallo.

"Yaro," ta ce, "da ka ce mini babu. Ran nan da ka ce mini ba a yin koriya, da na sayi ɗan gwangwanin farin fenti na shafa wa wannan, na kai an turara ta. Shi ke nan fa. Ko kuɗin burodi bai kai ba." Ta juya ƙaramar a hannunta. "Ran nan idon Saturnino yana gani."

Mai ɗaukar hoto ya sauke wayarsa. Ni dai hannuna ya mutu, na saki wuyan Lisandro. Na so in ce Allah ya isa, na kasa, don abin ya wuce nan.

Baba ne ya yi magana daga cikin mota. "Ku cire mata wannan ƙyallen. Herminia, zo ki ja mu. Basilia, tashi, ƙasa da sanyi."

Fortunata ta ce in kai su ƙara, kuma na kai, maganar tana can har yanzu tana tafiya irin tafiyar jirgin Lisandro. Amma ran Asabar ɗin makon muka kama hanyar Copacabana, ni a kan sitiyari, Baba a gefena, Inna a baya da furanni da kwalaben barasar da za a fesa wa tayoyi wurin sa albarka. Shi ya koya mini tuƙi tun ina budurwa, kuma tun lokacin yake cewa ina riƙe sitiyari kamar mai tuƙa tuwo. Ranar ma bai fasa ba. Da kunne yake bin injin. "Canza mata, kina wahalar da ita." "Akwai kwana a gaba, mai kaifi, rage." Kuma akwai kwanar. Duk ramin da ke hanyar nan ya san shi, tun kafin in gan shi.

A Tiquina hanya take yankewa, sai an ɗora mota a kan jirgin fito na katako an ƙetare tafkin da ita. Na hau da ita a kan katakan ina addu'a, mai jirgin ya sa duwatsu a bayan tayoyi, na kashe inji. Da muka bar gaɓa, jirgin ya fara lilo a hankali, sai Baba ya ce, "Ba ni wurin."

Na fita na zagayo da shi. Ya zauna, ya ja kujerar gaba inda take a da, ya kai hannu ya gyara madubin da ba ya gani. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe baya. Iska tana shigowa ta taga, motar tana tafiya da mu, inji a kashe.

"Yau kam da gaske tana kan ruwa," ya ce.

Inna ta yi dariya a baya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta cusa fuska cikin furanni. Ni na zauna a kujerar fasinja ina kallon gaɓar can tana matsowa, ina jin haushin mai jirgin da yake sauri. Baba yana ɗan juya sitiyarin hagu da dama yadda igiyar ruwa take kaɗa mu, kamar shi yake riƙe da mu.

Katakon jirgin ya daki gaɓa. Mai jirgin ya janye duwatsun, ya buga bonet da tafin hannu ya ce, "Direba, bismillah, fito da ita!"

Baba ya kai hannu kan makulli. Ya riƙe shi, ya daɗe bai saki ba. Direban motar da aka ɗora bayanmu a jirgin ya fara matsa ham.

"Zo ki karɓa, Herminia," ya ce. "Mun tare wa mutane hanya."